Injiniya Hai Zhanlin, Mutumin da Ya Hana Mu Zato

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Hai Zhanlin. Na Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi ne a dandalin gwajin inji da ke bayan sansaninmu na cikin hamada, sanye da rigar aikinsa, kuma kafin motar asibiti ta isa gari da shi rai ya yi halinsa. Shekarunsa sittin ba ɗaya. Da gangan na faɗi inda ya faɗi da abin da ke jikinsa, domin tun ba a rufe shi ba na fara jin ana raɗe-raɗin wai kunya ce ta kashe shi. Wanda kunya ta kama ɗaki yake shiga ya turo ƙofa. Shi kuwa a bakin aiki ajali ya same shi, yana neman abin da wasu suka gaji da nema.

Shifu, ni ce Ding Suxia, Ƙaramar Ding ɗinka, wadda har furfura ta fara fito mata ba ka daina kiranta ƙarama ba. Shifu na kira ka tun ranar da ka fara koya mini sana'ar nan da hannunka, kuma mutuwa ba za ta sa in sauya maka suna ba. An ce in rubuta 'yan kalmomin yabo da za a manna a allon sanarwa na kamfani, aka kuma ja mini kunne in taƙaita, in bar maganar rokar watan Agusta. Ka san halina. Ga shi na rubuta, ban taƙaita ba, kuma maganar rokar nan sai na yi ta. In allon kamfani bai ɗauka ba, akwai inda za a karanta.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da aka tura ni sashenka, a tsohuwar cibiyar da muka yi aiki kafin mu dawo wannan kamfani. Na zo da sabuwar takardar digiri, kaina sai hayaƙi yake yi. A makon farko wani famfon mai ya fara ɗiga a kan teburin gwaji, ka tsaya a kaina ka tambaye ni dalili. Na leƙa sau ɗaya na ce, "Ina zaton robar bakinsa ce ta saki." Juyawa ka yi ka ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji: "Jama'a, Allah Ya kawo mana mai zato. Ku kawo kofuna!" Sai na ga manyan mutane suna tasowa daga kujerunsu suna dariya, kowa da dogon kofin gilashin da yake yini yana shan shayi a ciki, suka jere mini su a kan tebur. A ranar na san dokar sashenka: duk wanda ya ce "ina zato" a kan maganar inji, shi ke wanke kofunan kowa. Na wanke su ina ƙunƙuni, ina tsine wa ranar da aka rubuta sunana a sashen nan. Akwai kofin da zan iya rantsewa tun da aka saye shi bai taɓa ganin sabulu ba, ganyen shayi ya yi masa baƙin zobe har wuya, kuma naka ne.

Da na gama ka kira ni muka kwance famfon tare. Robar ce kuwa ta saki, kamar yadda na faɗa. Na dube ka ina jiran ka ba ni haƙuri, sai ka ce, "Kin yi sa'a ne, Ƙaramar Ding. Ita kuma sa'a ba ta zuwa aiki kullum." Na yi kwanaki ina jin haushin maganar nan, kuma a kanta na gina duk abin da na zama.

A sana'armu akwai abin da ake kira komawa sifili. In abu ya lalace, komai tsayawa yake yi. A nemo inda ya lalace, a gano dalili, sa'an nan a sake haddasa wannan lalacewar da gangan a ƙasa, a gaban idon kowa. Muddin inji bai maimaita mana a ƙasa abin da ya yi a sama ba, to ba wanda ya san komai, kuma ba rokar da za ta sake tashi. Kowa a wannan fagen ya haddace dokar, har an rubuta ta da manyan haruffa a bangon kowane ɗakin taro. Amma da yawa sun riƙe ta ne a matsayin ƙa'idar ofis, wadda ake iya lallaɓawa in lokaci ya ƙure. Kai ka riƙe ta kamar alwala. In ta karye ba a cewa ai saura kaɗan, sabuwa ake yi.

Kada wani ya ɗauka cewa a kan wasu kaɗai kake tsanantawa. Waɗanda suka daɗe tare da mu suna tune da shekarar da wani inji ya tsage a wurin gwaji, muka shafe lokacin sanyi gaba ɗaya muna bin sawunsa. Aka zargi masu walda, aka zargi kamfanin da ya kawo ƙarfen, kowa ya kama tsarkake kansa. Daga ƙarshe kai ka gano, kuma abin da ka gano bai yi maka daɗi ba: wani lanƙwasan bututu ne da ka zana da hannunka. Ba wanda ya lura sai kai, da ka yi shiru da ya wuce. Ka miƙe a gaban manya da ƙanana ka ce, "Zanena ne. Na yi zaton zai jure, ban gwada ba." Sa'an nan ka naɗe hannun riga ka ce a kawo kofuna. Wata guda kana wanke mana su, babu wanda ya yanke maka hukuncin sai kai da kanka, kuma da wani ya yi ƙoƙarin ɓoye nasa don kunya, ka bi shi har teburinsa ka ɗauko.

Wani hali naka da ba zan manta ba shi ne maganar taliya. Ranar da aka yi nasara ba a ganinka a wurin walima. Ka kan sha shayinka ka koma ɗaki, ka bar masu jawabi su yi jawabinsu. Amma ranar da abu ya ɓaci, ranar da kowa ya sunkuyar da kai ba mai son kallon ɗan'uwansa, sai a ji motsinka a ɗan kicin ɗin da ka roƙa aka ware mana mu Musulmin sansani. Ka kwaɓa fulawa, ka ja taliya da hannu irin ta garinku, ka dafa ta da romon rago da barkono, ka sa a kira kowa da kowa, mai salla da wanda bai taɓa ganin cikin masallaci ba. Ba ka yi wa kowa wa'azi a kan kwano. Iyakarka ka ce, "Ku ci. Mai jin yunwa ƙarya yake wa kansa." Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, muna tsakiyar wani gwaji da ni ke riƙe da shi, na kasa buɗe baki in nemi izni. Kai ka same ni ka karɓe takardun daga hannuna, ka ce in ka sake ganina a sansanin kafin a yi sadakar bakwai za ka kore ni. Na samu mahaifina da sauran numfashi, har ya gane ni.

Mutane sun yi mamaki da ka bar kujerarka ta cibiya, ga girma ga kwanciyar hankali, ka biyo wannan ƙaramin kamfani cikin hamada, mu ma muka biyo ka. Mu da muka san ka ba mu yi mamaki ba. Aikin kamfanin shi ne harba ƙananan taurarin ɗan'adam su riƙa kewaya duniya kusa-kusa, su yi yawa har su zama kamar raga, ta yadda intanet zai sauka a inda igiya da ƙarfen sabis ba sa kaiwa. Kai kuma kana da yayarka a can kwarin da ke bayan ƙauyenku, tana kiwon tumaki, wadda in za ta kira ka sai ta hau tudu da sandarta da ciwon gwiwarta. Ka sha gaya mana cewa burinka bai wuce tsohuwar nan ta zage ka tana zaune a kan gadonta ba. Shugaban kamfani, Pang Jiwei, mutum ne mai son manyan kalmomi. In ya hau mumbari sai ya yi ta lissafa dubban taurarin da za mu shimfiɗa a sama, kai kuwa daga bayan ɗaki ka kan ce, "Shugaba, a fara samun huɗun nan na gwaji su zauna tukuna. Sauran dubun ba za su gudu ba." Ana dariya, shi ma yana yi, domin kafin ya zama shugaba ɗalibinka ne. Ƙaramin Pang kake ce masa a da, kuma ya wanke kofuna a zamaninsa fiye da kowa a cikinmu.

Rokar watan Agusta da safe ta tashi, ɗauke da taurarin gwajin nan huɗu. Kafin a kunna wuta, mai ba da umarni yakan kira kowace kujera a ɗakin sarrafawa, mai kujerar ya amsa da bakinsa, kuma in kujera ɗaya ba ta amsa ba ƙirge ba ya ci gaba. Da aka kira kujerar inji, muryarka muka ji a lasifika: "Inji, lafiya lau." Ta tashi tsaf, ƙasa na rawa a ƙarƙashinmu. Kashin farko na rokar ya gama aikinsa ya rabu, injin kashi na biyu ya kama, har wasu sun fara tafi. Sai kawai ya mutu tun lokacinsa bai yi ba. Taurarin ba su samu gudun da zai riƙe su a falaki ba, suka dawo suka ƙone a hanya. Aikin shekaru ya tafi muna kallo a allo. Ka cire abin sauraro daga kunnenka, ka ajiye a hankali, ka ce, "Sifili." Daga nan ka wuce kicin ka fara kwaɓa fulawa.

Abin da ya biyo baya ni shaida ce a kansa, domin kullum ina gefenka. Alamu sun nuna wani bawul da ke buɗe hanyar mai yana rufe ta, sai dai alama ba dalili ba ce. Muka ɗaura ɗan'uwan injin a dandali muka yi ta kunna shi. Muka sanyaya shi, muka girgiza shi, muka sassauta nan muka matse can, shi kuwa ya yi ta ci lami lafiya kamar da gayya. Ka rame, wandonka ya fara yi maka yawa, ka riƙa dafe ƙirji kana cewa shayi ne ya yi maka ƙarfi. Ciwon zuciya ne, kuma ka daɗe da shi, likita ya sha yi maka faɗa tun kafin a san za a yi wata rokar Agusta. Masu raɗe-raɗi su je su tambayi matarka irin ƙwayoyin da take cusa maka a jaka duk tafiya.

A gefe guda kuma ga roka ta biyu kwance a rumfa, an gama haɗa ta, ga wa'adin da aka ba kamfani yana ƙaratowa. In shekara ta ƙare ba mu da tauraro ko ɗaya a sama, hanyoyin da aka ware mana a falaki za su iya komawa hannun wasu, masu zuba jari kuma su juya baya. Ba zan yi wa Shugaba Pang ƙazafi ba. Abincin gidaje masu yawa yana wuyansa, kuma na ga yadda abin ya tsofar da shi. Wata rana ya same mu a dandali, ya ja ka gefe, amma iska ta kawo mini maganar.

"Tsoho Hai, don Allah ka taimake ni. In zanen ne da matsala, sai an kwance komai, mun mutu ke nan. In kuwa hannun mutum ne, a mako guda an gama. Suna ɗaya kawai nake so, wanda ya ɗaure noti ba daidai ba. Ba za a kore shi ba, na yi maka alkawari."

Ka ce, "Shugaba, sunaye ina da su da yawa. Dalili ne ba ni da shi."

"Haba Shifu, ni ne fa."

"Na san kai ne, shi ya sa ban kira a kawo kofuna a gaban yara ba. Je ka, rana na yi."

Bayan wannan da kwanaki kaɗan ka faɗi. Ka ajiye kofinka a kan akwatin kayan aiki, ka ce mini a sake rage zafin layin mai a gwada, ka taka zuwa wajen injin, sai na ga gwiwarka ta lanƙwashe. Maganarka ta ƙarshe da na ji ke nan, umarnin gwaji. Na so a ce wata babbar magana ce da zan riƙa faɗa wa 'ya'yana, amma da na natsu sai na ga ita ce ta fi kama da kai.

Aka kai ka gida, ƙauyenku na cikin tuddan kudu da garin Tongxin, aka yi maka wanka aka sa ka a likkafani, aka sallace ka ranar Alhamis bayan azahar. Maza da fararen huluna suka cika hanyar maƙabarta, suna karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Mu mata muka zauna a gida. Ana cikin haka motar kamfani ta iso da manyan kambunan furen takarda, kowane ya kai tsayin ƙofa, da sunayen manya a rubuce a jiki. Matarka, Yang Guilan, wadda nake kira Inna domin matar shifu uwa ce, ta fito bakin zaure ta dube su ta ce, "An gode. Amma ku mayar, mu ba ma yin wannan." Da suka tsaya suna kallon juna ta ƙara da cewa, "Duk shekarun nan yana dafa tukunyarsa daban a gabanku, ba wanda ya taɓa tambaya yadda muke binne namu?" Aka jingine furannin a bayan katanga, awakin maƙwabta suka yi ta fama da su har yamma.

Shugaba Pang ya zo da kansa, kuma kukan da ya yi na gaske ne, na gani. Amma kafin ya tafi ya rage murya ya gaya wa Inna cewa kamfani zai riƙe iyalinka hannu bibbiyu, kuma ko da ta ji wata magana ta fito daga baya, kada ta sa a ranta, tsarin aiki ne kawai. Inna ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ba a yi mata magana a dunƙule. Washegari muna tsugune gaban kasko muna soya gurasar sadaka, ta juya guda a cikin mai, ba ta dube ni ba ta ce, "Ƙaramar Ding, gaya mini gaskiya. Shi ya ɓata musu abin nan?"

Na so in ce a'a, Shifu. Wallahi na so. Bakina ya buɗe, sai na ji kamar kana tsaye a bayana. Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta bari har gurasar ta yi ja, ta tsame ta, ta gutsura da hannu ta miƙo mini rabi. Ta ce, "Haka shi ma zai ce. To, ki je ki sano, ki zo ki faɗa mini."

Da muka koma sansani Shugaba ya kira ni ofishinsa ya ba ni kujerarka. Sa'an nan ya faɗi sauran. Za a rufe binciken a kan cewa kuskuren hannu ne wajen saita bawul ɗin, kuma kowa ya san kai ne ka yi masa dubawar ƙarshe da kanka. Ya ce, "Injiniya Ding, shi ya riga ya tafi, ba abin da zai same shi. Mu da muka rage mu ke da ciki da 'ya'ya. Da yana nan, da kansa zai ce a sa sunansa." Ka ji dabara. An nemi suna ka hana, yanzu an samu sunan da ba zai tashi ya yi gardama ba. Laifin mutum ne, mutumin kuma ya mutu, saboda haka an yi maganin matsalar, roka ta biyu sai ta tashi da irin bawul ɗin da irin zanen. Na karɓi kujerar, ban ce masa komai ba. Ya ɗauka shiruna amincewa ce.

Ranar Litinin da ta wuce aka tara mu a babban ɗakin taro, ƙarƙashin bangon nan da aka rubuta dokar komawa sifili. Kowa ya zo da kofinsa kamar kullum. Shugaba ya fara da yabonka, ya kira ka ginshiƙi, ya kira ka uba, har ya sa aka yi shiru na ɗan lokaci don girmama ka. Daga nan ya gyara murya ya ce, bayan dogon nazari, shugabannin kamfani suna kyautata zaton cewa kuskuren hannu ne ya jawo abin da ya faru.

Ban shirya abin da na yi ba, kuma ban haɗa baki da kowa ba, duk mai cewa an kitsa ne ƙarya yake yi. Na dai ji kalmar ta faɗo, sai na ga na miƙe. Na taka har gaban teburinsa na ajiye kofina, da sauran shayi a ciki. Ban koma kujerata ba na ji ana jan kujeru a bayana. Masu walda suka taso, masu lantarki suka taso, da 'yan lissafi, da mutanen da suka zo bara waɗanda labarin dokar kawai suka ji. Ba wanda ya yi dariya irin ta da. Ƙarar gilashi a kan katako kawai ake ji har teburin ya cika. Da kowa ya gama, na sa hannu a aljihun rigata na ciro naka, wanda na ɗauke daga kan akwatin kayan aiki ranar da ka faɗi, da baƙin zobensa da busasshen ganyen da ka bari a ciki. Na ajiye shi a gaba, daidai hannunsa.

Ya gane shi. Duk wanda ya taɓa wanke kofin nan ba ya manta shi. Ya daɗe yana kallonsa, fuskarsa ta yi ja, sa'an nan ya tattara takardunsa ya ce an rufe taro, ya fita ta ƙofar baya.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa mun yi nasara ba. Ba a janye maganar ba, ba a kuma sanar da ita a waje ba tukuna. Ranar harba roka ta biyu tana nan a inda aka sa ta. Kofunan suna kan teburin har yau, shi bai wanke ba, mu ba mu ɗauka ba, mai shara kuma ta ce ba ruwanta. A kwanon miya muke shan shayi. An fara aiko mini da masu ba da shawara, wai in tuna ina da 'ya'ya a makaranta, wai kujerar da aka ba ni ba gadona ba ce. Na sani, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Shekaruna sun wuce na neman sabon aiki, kuma fagen nan ƙarami ne, in aka yi maka tambarin mai taurin kai ko'ina ka je ya riga ka isa.

Amma ga abin da nake so a ji, tunda a gaban jama'a nake rubutu. Ban ce Injiniya Hai Zhanlin ba ya kuskure ba. Ya taɓa yi, kuma shi ya fara faɗa. Yana yiwuwa hannunsa ne a bawul ɗin nan. In mun koma sifili, injin ya maimaita mana a ƙasa, ya tabbata shi ne, ni Ding Suxia zan tsaya a ɗakin taron nan in faɗa da bakina, in kuma hau mota in je in faɗa wa matarsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a shafa masa kashin kaji don kawai ba shi da bakin musu, a binne dalilin tare da shi, a ɗora wasu taurarin a kan ciwon da ba a san kansa ba. Mutumin da ya ƙi ba da sunan mai rai ba za a ci da sunansa yana kabari ba, ba dai ina zaune a kujerarsa ba. Ranar da mai ba da umarni ya kira kujerar inji, in ba mu gano ba, ba zai ji "lafiya lau" daga bakina ba. Kuna iya ɗaga ni ku zaunar da wani. Sai dai ku fara duba teburin can, ku nemo wanda kofinsa ba ya ciki.

Shifu, gobe da safe za mu rage zafin layin mai mu sake gwadawa, kamar yadda ka ce.

Ya Allah, ga bawanKa Hai Zhanlin ya zo gare Ka, ba shi da kowa sai Kai. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wajen tambaya, shi da bai saba faɗin abin da bai tabbatar ba. Ka sa yunwar da ya kashe mana a ranakun baƙin ciki ta zama masa inuwa ranar da babu wata inuwa sai taKa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, Ka haɗa shi da iyayensa a cikin rahamarKa. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu ƙarfin zuciya, Ka shiryi wanda tsoro ya rufe wa ido a cikinmu, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarsa Hai Ruoyun, da yayarsa da har yanzu take hawa tudu, da dukkan dangi da mutanen ƙauye, da ɗalibansa a duk inda suke, har da wanda ke zaune a ofishin shugaba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ke kuma Inna, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya zama gatanki. Na aiko miki da kayansa duka, rigunansa da hularsa da daddumarsa, sai abu ɗaya. Ki yi haƙuri, kofin yana bakin aiki tukuna. Ranar da na kawo miki shi, da amsar tambayarki zan zo, mai daɗi ce ko mara daɗi. Allah Ya jiƙan Shifu, Ya kai haske kabarinsa. Amin.